Wa Zai Share Arlit? Tarihin Aikin Gayya a Garuruwan Yuraniyom

  

Ƙannena matasa, maza da mata, ƴan wannan ƙungiya tamu mai albarka. Da shugabanni suka ce in rubuta wani abu cikin wannan ɗan littafi na tunawa, sai na zaɓi in yi muku maganar shara. Na san wani zai yi dariya, ya ce duk tarihin da ke akwai a rasa abin rubutawa sai jibji da leda. To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Mafi yawanku an haife ku nan Arlit ko Akokan, kun buɗe ido kun ga gari kamar yadda yake yau, sai ku ɗauka haka yake tun fil azal. Alhali garin nan bai kai shekarun kakanninku ba. In kun san yadda aka gina shi, da wanda ke share shi jiya, za ku gane dalilin da ya sa tsintsiya ta faɗo hannunku yau.

Garin da kamfani ya haifa

A 1957 ne masu binciken ma'adinai na Faransa suka ci karo da yuraniyom a Azelik, wajen Ingal, suna cikin neman tagulla. Bincike ya ci gaba har aka gano babban arziki a yammacin duwatsun Abzin. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, a 1969 aka soma gina Arlit, a 1971 aka fitar da yuraniyom na farko. Sai COMINAK ya biyo baya: an kafa shi a 1974, ya soma aiki a 1978 cikin ramin Akuta na ƙarƙashin ƙasa, aka gina wa ma'aikatansa garin Akokan. Kwal ɗin Anu Araren, kusa da Cirozerin, shi ke ba da wutar lantarki ta hannun SONICHAR. Aka kuma shimfiɗa kwalta daga Tawa ta bi ta Agadas ta iso nan, wadda har gobe ake kira hanyar yuraniyom.

Kafin wannan, wurin nan makiyaya ce ta Abzinawa da raƙumansu. Cikin shekaru goma sai ga mutane daga Damagaram, Maraɗi, Tawa, Dosso, Yamai, har da Benin da Togo da Mali, kowa ya zo neman abinci. Kuɗi sun yi yawa har aka riƙa ce wa Arlit ƙaramar Paris.

Amma tun ranar farko garin kashi biyu ne. Akwai unguwannin ma'aikata, inda kamfani ke ba da gida da ruwa da wuta da asibiti, motarsa kuma ta zo ta kwashe shara. Sannan akwai sauran gari, su Bukoki da makamantansu, inda ƴan kasuwa da leburori da masu jiran aiki da makiyayan da fari ya kashe wa dabbobi suka kafa bukkoki da laka da gwangwani da duk abin da hannu ya samu. Can babu motar shara. Abin da mutane suka zo da shi daga garuruwansu, shi ya riƙe su, wato al'adar gayya.

Gayya da samariya

Ku tambayi duk tsohon da ya taso a ƙauye. In gonar mutum ta fi ƙarfinsa, ko ɗakinsa ya faɗi, ko rijiyar gari ta cike, sai a kira gayya. Samari su fito da fartanya, makaɗi yana zuga su, mata su dama fura su kai. Ba a biyan kowa. Ladan da ake samu shi ne ranar da taka ta same ka, kai ma za a zo maka. Sarkin samari ne ke kiran mutane, kuma wanda ya ƙi fita sau ɗaya sau biyu, ranar bikinsa zai ga wurin ba kowa. Abzinawa da Zabarmawa da Barebari kowa na da irin tasa, suna ne kawai ya bambanta.

Da Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ƙasa na cikin wahalar babban fari, sai ya ɗauki wannan tsohuwar al'ada ya mai da ita tsarin hukuma. Kowace unguwa da samariyarta, da sarkin samarinta, da shugabar mata. Samariya ta gina azuzuwan lakwal, ta share tituna da kasuwanni da maƙabartu, ta yi wasannin gargajiya. Tun 1975 kuma ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, ta zama ranar dashen itace a faɗin Nijar. Iyayenku da yawa sun yi wannan zamani, kuma in suna ba da labarinsa za ku ji suna kewar tsabtar gari ta lokacin.

Sai dai in gaya muku gaskiya, aikin akwai tsoro cikinsa. Mulkin soja ne, kuma ba kowa ke fita don Allah ba. Wani don kada a rubuta sunansa ne. Shi ya sa da Kunce ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1987, aka kuma yi babban taron ƙasa a 1991, samariya ta yi sanyi har ta mace. Tsoron ya tafi, aikin ya bi shi. Wannan darasi ne gare mu: aikin da aka gina kan tsoron hukuma yana ƙarewa ranar da hukumar ta kau.

A daidai wannan lokaci kasuwar yuraniyom ta faɗi. Tun farkon shekarun 1980 farashi ya soma sauka, kamfanoni suka rage ma'aikata, ƙaramar Paris ta soma tsufa tun ba ta girma ba. Dimokuraɗiyya kuwa ta buɗe ƙofar kafa ƙungiyoyi, na addini da na farar hula. Samari marasa aiki suka kafa fada-fada a bakin titi suna dafa shayi. An zagi fada da yawa, amma a faɗi alherinta: sau da yawa in an kira aikin share maƙabarta ko masallacin idi, ƴan fada ne ke fara isowa da felu. Ƙungiyoyin matasa musulmi irin tamu daga cikin wannan yanayi suka fito, suka gaji aikin samariya ba tare da bulalarta ba.

Sharar da ido ba ya gani

Nan ne tarihin Arlit ya rabu da na Maraɗi ko Damagaram. A can shara ita ce abin da ka gani ko ka ji warinsa. Mu nan muna da wata wadda ba ta da wari, ba ta da launi.

Shekara da shekaru tsofaffin ƙarafa suna fitowa daga ma'aikatun haƙar ma'adinai suna shiga kasuwa: bututu, ganguna, sassan injuna. Maƙera suka ƙera kayan aiki da su, magina suka sa su cikin rufin ɗaki, mata suka tara ruwa cikinsu. Duwatsun da aka tono daga rami aka zubar, su ma an yi cikon hanya da su. Ba wanda ya yi haka da mugun nufi. Talaka ne ya ga abu mai amfani ya ɗauka. Amma wasu daga cikin kayan nan suna ɗauke da burbushin yuraniyom, suna fitar da wani tururi mai ratsa jiki, wanda in mutum ya daɗe kusa da shi yana iya jawo cuta.

Ƴan garin nan ne suka fara ɗaga murya. A farkon shekarun 2000 wani ma'aikacin SOMAIR, Almustafa Alhasan, tare da abokansa suka kafa ƙungiyar Aghir In'Man, wato garkuwar rai da harshen Tamashek. Suka nemi taimakon wata cibiyar bincike mai zaman kanta ta Faransa mai suna CRIIRAD. Masanan suka zo a watan Disamba 2003. An riƙe manyan na'urorinsu a filin jirgin Yamai, amma da ɗan abin awon da ya rage a hannunsu suka gano ƙarafa masu guba a kasuwar Arlit. A 2007 aka nuna akwai irin waɗannan duwatsu cikin titunan Akokan, har a gaban asibiti. A watan Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo ta yi nata awon, ta samu wurin da tururin ya kusa ninka na ƙa'ida sau 500. Bayan wannan ne kamfanin Areva, wanda ya koma Orano a 2018, tare da hukumomi da ƴan farar hula, suka shiga bin tituna suna awo, ana tone wuraren da aka samu ana kwashewa.

Ku lura da abu biyu. Na farko, wannan sharar ba tsintsiya ta kwashe ta ba. Ilimi ne da naci da ƙin yin shiru. Mutanen da suka fara maganar an ce musu masu neman fitina, an ce za su kori kamfani su bar mutane da yunwa. Da sun ji tsoro, da har yau yara na wasa kan waɗannan duwatsu. Na biyu, wanda ya shafe ku kai tsaye: in kun fita aikin tsabta kuka ci karo da ƙarfen da ba ku san asalinsa ba, ko tarin dutse mai kama da na ma'aikata, kada ku ɗauka ku kai gida, kada ku sayar wa mai awon ƙarfe, kada ku cike ramin unguwa da shi. Ku sanar da shugabannin ƙungiya, su kuma su kai magana ga ma'aikatar magajin gari da masu na'urar awo. Wanda ke son ganin wannan tarihi da idonsa ya nemi fim ɗin da Amina Weira, ɗiyar wani tsohon ma'aikacin ma'adinai, ta yi a 2016 kan rayuwar garin nan.

Ruwa a ƙasar da ba ruwa

Baƙo in ya ji ana maganar ambaliya a jihar Agadas, mamaki yake yi. Shekara kan wuce ruwan da ya sauka Arlit bai taka kara ya karya ba. To amma dutse ba ya shan ruwa. In hadari ya zuba kan duwatsun Abzin, ruwan duka gangarowa yake cikin kori-kori, ya taho da gudu da yashi da itace, wani lokaci ya iso wurin da ko ɗigo bai sauka ba. Gidajenmu kuwa na laka ne, an gina su don rana da iska. Kuma saboda kori na iya yin shekaru a bushe, mutane sukan manta su yi gini cikin hanyarsa. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa.

A farkon watan Satumba 2009, cikin azumin Ramadan, aka yi ruwa mai yawa kan duwatsu, madatsar da ke tare korin Telwa ta ɓalle, ruwa ya shiga birnin Agadas. Dubban gidaje suka rushe, aka yi asarar rayuka, garake da dabbobi suka tafi. Mutane suka koma zama cikin azuzuwan lakwal. Daga nan zuwa Agadas kilomita wajen 240 ne, amma kusan babu gidan Arlit da ba shi da dangi can. Kafin tallafin gwamnati da na ƙungiyoyin waje ya iso, maƙwabta ne suka fara: wannan ya ciro tsohuwa daga ɗaki, wancan ya buɗe zaurensa, samari da azumi a bakinsu suna tonon laka suna fitar da abin da ya saura na hatsi da tufafi. Haka abin yake ko'ina. Sa'o'in farko na masifa, babu mai ceton unguwa sai ƴan unguwa.

Damanar 2024 kuwa dukanku kun gan ta. Mutane sama da 300 suka rasu a faɗin ƙasa, sama da miliyan ɗaya abin ya shafa. Tsohon masallacin laka na unguwar Birni a Damagaram, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, ya faɗi ranar 3 ga Satumba. Aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba, don wasu azuzuwa sun rushe, wasu kuma mutane na kwana ciki. Har tsohon birnin Agadas, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, gidajensa na laka sun ji jiki.

Ina shara ta shigo cikin wannan magana? Ta hanyar leda. A zamanin samariya abin da ake sharewa toka ne da kashin dabbobi da ƙaiƙayi, abubuwan da ƙasa ke cinyewa. Yau leda ce, baƙa da fara, da ta ruwan sanyi da muke sha mu yar. Iskar Arlit ta ɗauke ta ta rataya wa itace, awaki su ci su kumbure su mutu, sauran ta taru ta toshe duk hanyar da ruwa zai bi. Ran da aka yi ruwa, sai ya rasa mafita, ya kwanta gindin bango, bangon ya jiƙa ya zauna. Bayan ruwan kuma sai sauro da zazzaɓi da gudawa. Tun watan Nuwamba 2014 Nijar ta yi dokar hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma ku je kasuwa ku gani da idonku. Doka na kan takarda, leda na kan titi.

Abin da addini ya ce

Ba sai na tsawaita ba, malamanku sun karantar da ku. Ya tabbata daga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, cewa kau da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma reshe ne daga rassan imani. Ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda reshen ƙaya da ya janye daga hanya. Akwai kuma matar nan mai share masallacin Madina, wadda ta rasu aka binne ta ba a gaya masa ba; da ya nemi labarinta aka sanar da shi, sai ya je kabarinta ya yi mata salla. Mutane sun raina aikinta, shi bai raina ba.

Ku tuna kuma da ginin Ka'aba. Yana da shekara 35, kafin a aiko shi, ambaliya ta raunana ginin Ɗakin Allah, Ƙuraishawa suka taru suka sake gina shi, kowace ƙabila da ɓangarenta, shi ma yana ɗaukar duwatsu tare da su. Da aka zo ɗora Baƙin Dutse sai gardama ta tashi kan wa zai samu wannan girma, har aka kusa zub da jini. Shi ya shimfiɗa mayafi ya sa dutsen, ya ce kowace ƙabila ta kama gefe. Duk wanda ya taɓa shirya aikin gayya ya san wannan gardama. Aikin ba shi ke raba mutane ba. Wa za a ambata, tutar wa za a kafa, hoton wa za a sa a Facebook, nan ne Shaiɗan ke shiga. In kun ga haka ta taso tsakaninku da wata ƙungiya ko wata fada, ku nemo mayafin da kowa zai kama gefensa.

Yau tsintsiya na hannunku

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, bayan shekara 43 yana haƙa. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila. An bar tarin dusar ma'adinai kimanin tan miliyan 20 kusa da Akokan, wadda dole a rufe ta da kyau, a kuma sa mata ido shekaru masu yawa. A watan Yuni 2025 gwamnati ta sanar da mai da SOMAIR mallakar ƙasa. A gefe guda, tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, ga kuma ƴan ci-rani da ake korowa daga Aljeriya ta Assamaka, garin kullum cike yake da masu wucewa. Mai wucewa kuwa ba ya share gari. Zamanin da ake jiran kamfani ya yi komai ya wuce, ma'aikatar magajin gari kuma ƙarfinta bai kai girman garin ba. Wannan bai sauke wa hukuma da kamfani nauyinsu ba, kuma haƙƙinku ne ku tambaye su cikin ladabi da hujja, kamar yadda na gabanku suka yi. Amma ƙofar gidanka ba ka jiran kowa a kanta.

Ga abin da shekaru suka koya mana, ku riƙe. Aikin da ya fi amfani shi ne na kafin damana: a watan Mayu da Yuni a bi hanyoyin ruwa a yashe, a duba gidajen tsofaffi da na marayu a gyara indararo da gindin bango. Kafin ku tara shara ku san inda za ta. Sau nawa muka share unguwa muka tara tsibi, ba amalanke ba mota, kwana biyu iska ta mai da ita inda ta fito. Kada ku ƙona leda kusa da gidaje, hayaƙinta cuta ne. Ku sa takalmi da safar hannu, ku rufe hanci, don ƙurar garin nan ba ta wasa ba ce. Ku rubuta sunayen gidajen da ke cikin kwari, da masu tsoho ko maras lafiya, don in ruwa ya zo da dare ku san ƙofar da za ku fara bugawa.

Sannan ku ji wannan, ku samari. Iyayenmu mata da ƙannenmu su ke share gida da ƙofar gida kowace safiya ta Allah, ba mai ɗaukar su hoto. Kada mu fita sau ɗaya a shekara da riguna iri ɗaya mu ɗauka mun fi su. In ana shawarar aiki a sa su ciki, don sun fi mu sanin inda ruwa ke kwanciya da inda ake zub da shara da dare. Kuma ɗan kaɗan mai ɗorewa ya fi gagarumin da ake yi sau ɗaya a watse. Mutum goma kowace Lahadi bayan asuba sun fi ɗari biyu ranar da baƙo zai zo.

Wasunku za su bar Arlit, karatu ko neman abinci zai kai su wani wuri, kamar yadda ya kawo iyayensu nan. Wasu kuma nan za su tsufa, a binne su cikin maƙabartar da suke sharewa yau. Ko wanne ne kai, garin nan ya shayar da kai ruwansa, yana da haƙƙi a kanka. Waɗanda suka riƙe tsintsiyar kafin ku, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, amma Wanda suka yi dominsa bai manta ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare garuruwanmu daga ambaliya da fari da cutar da muke gani da wadda ba mu gani. Allah Ya ba mu damana mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, Ya sa aikinmu ya zama dominsa Shi kaɗai. Amin.